Baƙi Ma Kala-Kala Ne: Yadda Na Sayo Wa Baba Talabijin

Yau ba maganar kasuwa zan yi ba, ba kuma ta siyasa ba. Labarin wani aike ne da mahaifina ya yi mini a ƙarshen shekarar 2024, wanda na ɗauka na kwana biyu ne, ashe zai ci mini kusan wata guda yana hana ni barci.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa yake sayarwa a babbar kasuwar Jalingo. Daga ƙasar Kano ya taso ya zo ci-rani tun garin nan yana ƙarƙashin jihar Gongola, lokacin da komai sai an je Yola. Yana nan aka ƙirƙiro Taraba a watan Agustan 1991, a nan ya yi aure, mu duka a nan aka haife mu, amma har gobe in ya ce "gida" to Kano yake nufi. Manyan gidanmu suna ba da labarin cewa a layinmu shi ne ya fara ajiye talabijin mai kala, kuma daren da Najeriya ta ci Barazil 4 da 3 a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, sai da aka fito da ita tsakar gida aka ɗora a kan benci, domin falo ya kasa ɗaukar jama'a. Ni a lokacin ba a ma haife ni ba. Wadda na taso na sani ita ce wata mai inci 32, wadda a gabanta muka zauna muka sha takaici ranar 11 ga Fabrairun 2024, da Kwaddibuwa ta doke mu 2 da 1 a wasan ƙarshe na cin kofin Afirka. Da damina ta kankama aka yi wata tsawa cikin dare, da safe aka kunna ta ta ƙi tashi. Mai gyara ya duba ya ce a yi haƙuri.

To a daidai wannan lokacin ne aka yi wa Baba aikin yanar ido. Shekaru ya yi yana ganin duniya kamar ta cikin hazo, har ta kai in mai saye ya ce yana son ruwan toka mai duhu sai Baba ya kira ni in zaɓo. Ga mutumin da ya yi rayuwarsa yana bambance kaloli, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne, ko da yake bai taɓa furtawa ba. Da idon ya washe sai ya zama kamar yaro, komai sai ya tsaya ya ƙura masa ido.

Wata rana bayan sallar isha'i ya kira ni ya ce, "Kai, zo nan. Talabijin za ka nemo mini. Ba girma nake nema ba, ba kuma suna ba. Wadda zan ga saƙar rigar Ka'aba a cikinta nake so."

Sai na yi bayani a nan don mai karatu ya gane. Baba ba ya kallon komai sai labarai da tashar nan ta Saudiyya mai nuna Harami kai tsaye dare da rana. Shekarar da ya sauke farali ya samu ya matsa kusa da Ɗakin, kuma abin da ya fi tsaya masa a rai, a matsayinsa na mai yadi, ba zinaren da aka yi wa ɗinki a sama ba ne. Baƙin siliki ne da kansa, domin akwai rubutu saƙe a jikinsa, baƙi a kan baƙi, kamar dai zanen da ke jikin shadda, wanda ba ka ganinsa sai haske ya bi ta kai. A tsohuwar talabijin ɗinmu kuwa wani dunƙulen baƙi kawai ake gani. Wannan saƙar yake son ya sake gani da sabon idonsa.

Ya miƙo mini kuɗin da ban taɓa riƙe irinsu ni kaɗai ba, kuɗin da za su sayi sabon babur har a samu canji mai kauri. Da can duk wani babban saye Yayana ake turawa, shi da yake zaune a Kano. Wannan ne karo na farko da aka tsallake shi aka ba ni. Kuma kun san halin zamanmu a nan: in aka damfari ɗan wane, kafin ya iso gida labarin ya riga shi zuwa masallacin unguwa, kafin gari ya waye ya isa Kantin Kwari. Da Yaya ya ji sai ya bugo waya ya ce, "Kada ka wahalar da kanka. OLED kawai za ka saya, ita ce ƙarshe." Na ce to, alhali ban san ko mene ne OLED ba.

Na fara da kantunan garin nan. Akwai masu gaskiya a ciki, suka gaya mini ƙarara cewa irin wadda nake nema ba sa ajiyewa sai dai a yi oda, ga shi kuma tun da gadar Namnai da ke kan hanyar Wukari ta karye a daminar shekarar, kawo kaya mai gilashi daga Anacha ko Legas ya zama sai da addu'a. Amma a wani kanti, wanda ba zan faɗi sunansa ba, aka nuna mini wata a kwali mai ɗauke da sunan babban kamfani da lamba 65 ɓaro-ɓaro, a farashin da ya sa zuciyata ta yi sanyi don daɗi. Allah Ya taimake ni tef ɗin awon yadi yana aljihuna. Incin talabijin daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, a karkace, ba a kwance ba. Na auna, bai kai 60 ba. Na ɗaga ta na ji ta shafal kamar faifai. Mai kantin ya ce ai har da bakin roba ake lissafi. Na yi masa sallama na fita.

Da lokacin saro kaya ya yi sai na roƙi Baba ya bar ni in tafi Kano a madadin yaron shagonmu. Muka bi ta Numan, Kaltungo, Gombe, muka shiga ta Wudil cikin dare. Na gama da Kwari a kwana ɗaya, sauran kwana uku na ƙarar da su a manyan kantunan kayan wuta, inda ake jera talabijin ashirin a bango ɗaya duk suna nuna abu guda.

Wallahi ranar farko ruɗewa na yi. Kowacce ka kalla sai ka ce ita ce. Tsuntsaye masu kala, ruwa yana zuba a hankali, 'ya'yan itace kamar ka miƙa hannu ka tsinka. Sai na tuna wata ƙa'ida ta Baba da ya cusa mana tun muna yara: ba a sayen yadi a ƙarƙashin fitilar mai shago. Duk dilar da zai saya sai ya zaro turmi ɗaya ya fita da shi rana. Ashe nan ma haka abin yake. Talabijin ɗin da ke kanti ana saita su ne a kan wani saiti na musamman na kanti, wanda ke ƙure haske da kala har ƙarshe, sannan hotunan da suke nunawa kamfanin ne ya ɗauke su da manyan kyamarori don talla. Babu ɗaya a cikinsu da ya yi kama da abin da ake kallo a gidanmu.

Washegari na koma da filashi. Na zuba abu huɗu a ciki: hoton ɗawafi da dare mafi kyau da na samu a intanet, wani na rana tsaka, guntun wasan ƙwallo, da wani tsohon fim ɗin Hausa na zamanin faifan CD wanda Umma ke so. Ma'aikacin kantin ya fara noƙewa, ya ce oga bai yarda a taɓa saiti ba. Da ya ga alamar da gaske saye zan yi, sai ya miƙo rimot, daga baya ma shi ya riƙa yi mini bayani, Allah Ya saka masa.

Ga abin da na fahimta, a iya ilimina na wanda ya tsaya a sakandare. Fuskar talabijin ɗigo-ɗigo ce. Wadda ake kira 4K tana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato sama da miliyan 8, ninki huɗu na mai 1920 da 1080. A talabijin ta OLED kowane ɗigo shi ke ba da hasken kansa, in an zo wurin baƙi sai ya mutu murus, shi ya sa baƙinta baƙi ne ƙirin. Kamfanin LG ne ya fara fito da manyansu kasuwa a 2013, Sony ma na yi, Samsung ya shigo da nasa salon a 2022. Ita kuwa QLED, wadda Samsung ya fara tallata sunanta a 2017, harafi ɗaya ne ya raba sunansu amma ba dangi ba ne: fitila ce a baya take haskowa ta cikin gilashi, kamar ka ɗora zane a gaban aci-balbal, don haka duk yadda aka yi sai ɗan haske ya tsallako. Sai ta uku, Mini-LED, wadda ita ma fitilar baya ce, amma an mayar da ita ƙananan fitilu dubbai da aka kasa gida-gida, inda hoto ke da duhu sai a rage na wannan gidan. Samsung na kiran tasa Neo QLED, Hisense da TCL da Sony duk suna da irinta.

Muka sa ɗawafin dare. Na roƙa aka rage fitilun wannan ɓangaren. Gaskiya sai an faɗe ta, Yaya bai yi ƙarya ba. A OLED sararin sama ya ɓace cikin bakin talabijin ɗin, ba ka sanin inda hoto ya ƙare, kuma da kyamara ta matso sai ga saƙar nan ta fito, layi-layi, har tsigar jikina ta tashi. A QLED ta talaka baƙin ya koma ruwan toka, kamar shaddar da ta sha wanki. A Mini-LED mai tsada saƙar ta fito ita ma, sai dai in ka lura akwai wani ɗan hazo-hazo da ke zagaye duk wani abu mai haske, musamman fitilun hasumiya da farin rubutu.

Da a nan na tsaya da na biya kuɗi na tafi. Amma da aka mayar da fitilu muka sa na rana sai labari ya sauya. Ka tuna yadda hoton Harami yake da rana: farin dutse shimfiɗe ko'ina, mutane cikin fararen harami, baƙi ɗan kaɗan a tsakiya. OLED ba ta son fari ya cika mata fuska, da kanta take rage haske don kare ɗigoginta, sai na ga farin ya ɗan dushe. Mini-LED kuwa ta riƙe haskenta har sai da na ƙanƙance ido. Na tuna falon Baba: taga biyu manya suna kallon yamma, kuma tun da ya rage zaman kasuwa, tsakanin azahar da la'asar ya fi zama a gaban talabijin, daidai lokacin da ranar Jalingo ke shigowa ba sallama. Wanda ya san watan Maris da Afrilu a garin nan ya san abin da nake nufi.

Sai kuma babbar matsalar, wadda ma'aikacin nan ya rage murya kafin ya faɗa mini. Ɗigogin OLED tsufa suke yi gwargwadon aikin da suka sha. In tambarin tasha ya zauna a kusurwa ɗaya sa'o'i da yawa kullum, wata da watanni, yana iya barin tabo, ka canza tasha amma inuwarsa tana nan. Kamfanoni sun rage wannan sosai, sun sa mata dabarar motsa hoto kaɗan-kaɗan, da wani gyaran kai da take yi bayan an kashe ta da rimot. Amma wannan gyaran sai da wuta a jikinta take yinsa. Mu kuwa gidanmu, in ba a ɗauke wuta ba, to Umma ta bi ta kashe soket tun daga bango, kuma tun tsawar nan ba wanda ya isa ya hana ta. Ga Baba tasha ɗaya, tambari ɗaya, rubutu ɗaya a ƙasa, daga safe har dare. Mai canza tasha yana kallon fim yau ƙwallo gobe ba ruwansa da wannan fargaba. Baba kuwa kamar don shi aka yi gargaɗin.

Ƙwallo ba ta ba ni wahala ba. Manyan duka suna sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, ƙwallon ba ta jan wutsiya in an buga ta kamar yadda take yi a ƙananan. Fim ɗin Umma ne ya ba mu dariya. Hoton da aka ɗauka don ƙaramar talabijin ta da, in ka shimfiɗa shi a inci 65, dole na'urar ciki ta ƙago ɗigogin da babu ta cike gurbi, kuma a nan ne kuɗi ke nuna kansa, domin wata ta cike da hankali, wata kuma ta mayar da fuskokin 'yan wasa kamar an shafa musu man shanu. Wannan ya shafi kowa, saboda galibin abin da dikoda ke kawo mana bai kai 4K ba, wasu tashoshin ma ko kusa. Wanda zai sayi 8K don ya kalli irin waɗannan tashoshi, a ganina, ya ɗinka babbar riga ne don zuwa gona.

Abu na ƙarshe da na gwada shi ne na koma gefe na tsuguna, kamar yadda ƙannena ke zama a kan darduma. OLED ba ta canza ba ko kaɗan. Mini-LED ta ɗan koɗe. Wani maki kenan ga Yaya.

Daren nan a gidan Yaya ban yi barcin kirki ba. Wadda ta fi nuna abin da Baba ya aike ni nema ita ce wadda ɗakinsa da ɗabi'arsa za su iya lalatawa, kuma ita ce za ta cinye kuɗin ƙaf har in nemi ciko. In na saye ta tabo ya fito bayan shekara biyu, ni ne. In na bar ta Baba bai ga saƙarsa ba, ni ne. Da asuba na kira shi na fara zuba bayani, ɗigo kaza, fitila kaza. Ya bari na gama sannan ya ce, "Ni na aike ka ko kai ka aike ni?" Ya kashe waya.

Mini-LED na saya, mai inci 65. Ba zan faɗi ta wane kamfani ba ce kada a ce talla aka biya ni. Na sa aka buɗe kwali a gabana aka kunna, na duba lambar da ke bayanta ta yi daidai da ta kwali da ta takardar garanti, na sa farin hoto da baƙin hoto na bi fuskar da ido ko akwai mataccen ɗigo. Canjin da ya rage na sayi sitabilaiza mai kyau da abin tare tsawa, domin irin wannan talabijin in ta ƙure haske takan haura wat 100, kuma batirin solarmu ba saurayi ba ne. Yaya ya kalli kwalin ya ce, "An ba ka kuɗin na ɗaya ka sayo na biyu." Ban tanka ba. A mota na hana a kwantar da ita, a tsaye ta zo tsakanin diloli biyu na atamfa, kuma duk ramin da muka faɗa tsakanin Gombe da Numan sai na ji shi a ƙirjina.

Aka kafa ta a bango bayan azahar, maƙwabta biyu suna tsaye suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Aka kamo tashar. Haske ya cika falo, fari fat, ranar taga ba ta yi mata komai ba. Amma kyamara tana nesa, Ɗakin ya fito ɗan ƙarami a tsakiya, baƙi kawai, babu saƙa babu alamarta. Baba ya kalla ya ce, "Tana da haske." Ya tashi ya tafi masallaci. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya tambaye ni nawa na saya, na faɗa, ya ce "Allah Ya sa alheri" da irin muryar da kowa ya san ma'anarta.

Sai bayan isha'i. Falo ba kowa sai ni da shi, fitila a kashe. Can kyamara ta fara matsowa a hankali, ta wuce kawunan mutane, ta tsaya a jikin rigar. Baba ya jawo kujerarsa gaba. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ɗaga yatsa yana bin layin a iska, ya ce, "Ga ta nan. Ka ga yadda zaren ya juya? Nan ya kwanta, nan ya tashi." Ya yi ta yi mini bayanin saƙa kamar ina sabon yaron shago, ni kuwa ina ta gyaɗa kai don ba na son ya ji muryata a lokacin.

Da kyamara ta ja baya sai ya ƙanƙance ido ya nuna kusurwa. "Wannan hazon da ke kewaye da rubutun fa? Idona ne ko ita ce?"

Gabana ya faɗi. Na ce, "Ita ce, Baba." Na gaya masa akwai wadda ba ta yin haka ko kaɗan, na gan ta da idona, kuma na bar ta. Na faɗi dalilin taga, da na tambari, da na soket ɗin Umma. Ya tambayi bambancin kuɗin, na faɗa masa. Ya yi shiru yana kallon hazon.

"In an kunna fitilar ɗaki ana ganinsa?"

Na ce, "Da wuya."

Ya ce, "To tashi ka kunna."

Na kunna. Umma ta leƙo daga ƙofa ta ce in mun gama a sa mata fim ɗinta, kuma kada wanda ya manta da soket. Mu kwana nan.